Igiyar Innarka Mai Ƙulli Talatin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga Tabotaki, daga hannun mahaifinka, zuwa gare ka, Ɗan Kwari.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina gaida iyalinka, ina gaida surukanka da suka karɓe ku. Allah Ya sa kun haye duwatsun Keita lafiya, Ya sa takardar nan ta tarar da ku yadda kuka bar mu. Allah Ya tsare ku gaba da baya, Ya tsare motar da ta kai ku.

Na fara rubuta wannan kwana uku kafin ku tashi, amma na ce wa innarka ta ba matarka, kada a miƙa maka sai kun sauka. Ka san halina. A tasha ba wanda ya kai ni surutu, amma in kai ne a gabana sai in rasa ta cewa. Kai ne ɗan fari, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba. Ranar Juma'a da na miƙa maka makullin motata Jar Akuya, kwana biyu na yi ina shirya magana, amma da ka durƙusa ka karɓa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "A dinga duba ruwa." Innarka ta yi mini dariya har ta saki muciya. Shi ya sa na ɗauki biro. Idon da ya daina ganin hanya har yanzu yana ganin takarda in na kawo ta kusa da hanci.

Ba don motar nake rubutu ba, ko da yake ina son ta, kuma bashe mai buɗaɗɗen baya irinta, mai shan gazuwal (wato dizal) da hawan dutse, ba a samun ta yanzu. Don matarka nake yi. Cikinta ya shiga wata na bakwai, ƙauyensu kuwa na san shi, na sha kai musu gishiri da kalanzir. Ban da ranar kasuwa ba wata mota da ke leƙa shi. Ranar da naƙuda ta zo da gardama, Allah Ya kiyaye, ba abin da ke tsakaninta da gidan likita sai tsohuwar motar nan. Dole ta tashi da murzawa ɗaya. Zan gaya maka kurakuraina da ita, ƙanana da babba, don kada ka maimaita su. Babban yana ƙarshe, kuma ya shafi ranar da aka haife ka.

Na fara da bidanji, wato juye man inji. Shekarun farko da na sayi Jar Akuya ban yarda da shi ba. Ina ganin dabara ce ta masu garaji. Kullum da safe in zaro sandar auna mai, in ya ragu in ƙara, shi ke nan. Na yi kaka guda da rani guda ina ƙari, har wata rana a kan hanyar Urno inji ya fara wani ƙwanƙwasa kamar ana daka a ciki. Na lallaɓa na kai ta Madawa wurin Malam Illa mai gyara, wanda ka tarar da tsufansa. Ya kwance ƙusar ƙasa, muka tsaya muna jira, mai ya ƙi saukowa. Sai can ya fara zubowa guda-guda. Malam Illa ya lakato da yatsa ya nuna mini.

"Wanga mi na, Shofer? Mai na ko kunun kanwa?"

Na ce ai kullum ina ƙarawa.

"In ka yi wanka cikin kwatarniya, gobe ka ƙara ruwa bisa na jiya, jibi ka ƙara, kai wanka kake?"

Mutanen garaji suka kwashe da dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai. To ka ji. Ƙari daban, bidanji daban. Ka juye mai inji na da ɗumi, bayan ka dawo daga tafiya ka ɗan huta, don a lokacin ne dattin ke biyo shi waje. Ka ba shi lokaci ya tsiyaye sarai, kada ka tsaya kansa kana gaggawa. Duk bidanji ka sake filtir ɗin mai, wato matacinsa, kada ka ce na jiya bai gaji ba. Ka shafa ɗan sabon mai a robar bakinsa, ka ɗaure da hannu kawai. Kuma kada baƙin mai ya ruɗe ka, na motar gazuwal kwana biyu yake yi ya yi baƙi. Ka murza shi tsakanin yatsu. In ka ji yashi-yashi, ya mutu. In ya koma kalar madara, ruwa ya shiga. In kuma ka ga yana ƙaruwa da kansa a jikin sanda yana warin gazuwal, kada ka yi murna kamar yadda ubanka ya taɓa yi, wani abu ne ke yoyo a ciki, ka tafi wurin mai gyara.

Ƙusar ƙasan nan ma na taɓa ji mata ciwo. Da na koyi yin bidanji da kaina, sai ƙarfi ya ɗebe ni, na sa kile, ƙarfen ɗaure ƙusa, na ƙara masa bututu na taka da ƙafa. Haƙoranta suka cinye. Sati guda ina tafiya ina ɗigar da mai a hanya, wanda duk ke neman na sai ya bi sawun. Ka ɗaure ta daidai, ka sake ɗan zoben jan ƙarfen da ke wuyanta, ka duba ƙasa da safe ko akwai ɗigo.

Tsohon man kuwa, za ka ga mutane sun zo da gwangwani suna roƙo, don shafa wa azara da ƙafafun rumbu saboda gara. Ka ba su, haka aka saba, ni ma shi ne ya riƙe rufin zaurenmu. Amma kada ka zubar da shi kusa da rijiya ko garkar wani, kuma kada ka ba wanda zai shafa wa dabba a miki. Na taɓa ba wani don jakinsa, ban ji daɗin abin da na gani ba daga baya.

Yanzu anjaktar, ƴan bakunan nan huɗu masu fesa gazuwal cikin inji. A nan na yi wautar da ko yanzu in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Motar ta fara baƙin hayaƙi tana rasa ƙarfi a hawa. Na ce ai toshewa ce, me zai kai ni Madawa? Na kwance su, na shiga ɗakin innarka na saci allurarta ta ɗinki, na zauna gindin dalbejiya ina tsokalar hancinsu ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina gwani. Na mayar, na tayar. Hayaƙin da ya fito, maƙwabta sun ɗauka rumbu ne ya kama wuta. Allurar ma ta karye, innarka ta yi kwana uku tana nemanta, ni ina taya ta nema.

Malam Illa yana da wani ƙarfe mai hannu da agogo a kansa, wanda ake ɗaura anjaktar a danna. Ya ɗaura wani mai lafiya ya danna, ya yi feshi mai laushi irin na bakin mai guga. Ya ɗaura nawa, sai ga shi yana tsiyaya kamar hancin mai mura. Na kai hannu in taɓa feshin, ya buge mini hannu da ƙarfi.

"Kak ka kuskura. Wanga huda hwata shikai, shi shiga jini."

Saboda haka anjaktar ba aikinka ba ne. Naka shi ne ka kula da alamu. Baƙin hayaƙi, fara duba filtir ɗin iska, ka kakkaɓe shi a hankali, kada ka wanke shi da ruwa, kada kuma ka cire shi wai don mota ta sha iska, ƙurar hanyarmu niƙa inji take. In ka kakkaɓe hayaƙin bai daina ba, ko tana wahalar tashi da safe, ko tana rawa a tsaye, ka kai ta. Malam Illa ya daina aiki, amma ƙanensa na nan a wurin, ƙarfen ma na nan. Ko ba ta yi komai ba, ka kai su a gwada sau ɗaya a shekara, in an gama kwasar albasa.

Abin da ke kashe anjaktar kuwa datti ne da ruwa a cikin gazuwal. Inda za ka zauna ba famfon mai, na bido, wato na jarka, za ka saya a bakin hanya. Ba laifi, amma ka saya tun ba ka matsu ba, ka ajiye bidon ya kwana, ka tace da tsumma mai tsabta, ka bar na gindin kada ka juye. Kada ka bar tanki ya yi ƙasa sosai. Ƙarƙashin filtir ɗin gazuwal akwai ɗan abin murzawa, ka buɗe shi duk sati ka zubar da ruwan da ya taru. Filtir ɗin nan shi ne mai gadin ƙofa. To ga abin da na yi masa.

Ka tashi kana jin labarin haihuwarka daga bakina. Na ba da shi a tasha, na ba da shi a wurin biki, kullum ana dariya: wai wani mai bido a bakin hanyar Sabon Gida ya sayar mini da ruwa a madadin gazuwal, mota ta mutu a kwari, ka faɗo a bayan bashe, shi ya sa ake ce maka Ɗan Kwari. Akwai ruwa a gazuwal ɗin, wannan gaskiya ne. Amma ba shi ke nan ba.

Lokacin albasa ne, bazara ta yi zafi. Innarka tana gidansu goyon ciki, a ƙauyen nan na bayan dutse tsakaninmu da Buza. Ni kuma kullum ina hanya, ina son a ce ni na fara isa kasuwa. Wata rana da lodi a kai motar ta fara shaƙewa, na gane filtir ɗin gazuwal ne ya cika. Ba ni da wani. Na kwance shi, na zaro ƙusa daga jikin katakon baya, na huda takardar cikinsa wuri uku don mai ya wuce. Na mayar, ta tashi garau, na isa kasuwa kafin kowa ina ta fahariya a raina. Da na biya Madawa na gaya wa Malam Illa dabarata, ina jiran yabo. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko sabon filtir cikin kwalinsa ya miƙo mini.

"Kawo ta in sa maka yanzu. Ka buɗe ma ɓarawo ƙohwa."

Na ce fasinja na jira na, zan sa da kaina gobe. Na jefa kwalin ƙarƙashin kujera. Aikin bai fi a sha shayi a tashi ba. Goben nan ta kai sati uku.

Ran nan da hantsi yayan innarka ya zo bisa raƙumi ya ce tun jiya take naƙuda, ungozoma ta ce a kai ta gidan likita a Buza. Na je na ɗauke ta. Ta zauna gaba, gwaggonta na riƙe da ita, kakarka da ungozoma suna baya. Tun a hawa na farko na ji motar na tari. Muna shiga yashin kwari ta yi rawa sau biyu ta mutu. Na fito na sassauta bututun anjaktar, abin da ya fito ruwa ne ja mai tsatsa. Duk abin da filtir zai tare ya riga ya wuce ta hudar ƙusata. Hankalina ya tashi, na yi ta murza makulli har batir ya mutu, a cikin yashi kuma ba a tura mota. Wannan ma ka riƙe: in ta ƙi tashi sau uku, ka tsaya ka nemi dalili, kada ka kashe batir.

Matan suka mayar da ita baya, suka ɗaura zannuwa a ƙarafa suka yi mata inuwa. Kakarka ta ce in ba su wuri. Na je gindin wata aduwa na zauna, rana na tsaka, ba abin da zan iya. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ban kuma taɓa ƙin kaina haka ba. Wajen azahar na ji kukanka. Na tashi da murna, sai gwaggo ta fito ta ce jini ya ƙi tsayawa. Wani manomi da amalanken shanu Allah Ya kawo, shi ya ɗauke ta, ni ina bin su a ƙasa. Tafiyar da mota za ta yi kafin ka gama cin tuwo, sai bayan la'asar muka isa. Allah Ya yi da sauran kwananta. Amma da za a sallame mu aka kira ni gefe aka ce ba za ta sake haihuwa ba. Kana ƙarami ka sha tambaya me ya sa ba ka da ƙane. Amsar ke nan.

Da aka jawo motar, Malam Illa ya kwance filtir, ya ɗaga shi ga rana, haske ya fito ta huda uku. Ya dube ni ya ce, "Wanga, ni da kai da Allah." Bai sake tayar da maganar ba. Ni kuwa na ɗora wa mai bido laifin, mutane suka guje shi. Mai bidon ya rasu ban nemi gafararsa ba, kullum ina sa shi a addu'a.

Sauran labarin ka san rabinsa. Da innarka ta dawo daga wankan jego, ta tufka igiyar rama ta rataye a ƙusa bakin ƙofar ɗakinta. Duk kasuwar da na ci na dawo, ta yi ƙulli ɗaya. In Tawa na je, uku. In ƙulli ya kai talatin sai makulli ya ɓace daga aljihuna.

"Malam, igiya ta cika."

"To, gobe in Allah Ya so."

"Allah Ya kai mu. Makulli na wurina hal ka gama."

Igiya ɗaya, bidanji da filtir ɗin mai. Igiya biyu, filtir ɗin gazuwal. Na sha yin faɗa, na sha rasa kasuwa, ba ta taɓa sassautawa ba. Abokaina suna yi mini tsiya wai matata ce shugabar garaji. Ni a zatona don agogon ƙidayar tafiya na motar ya mutu ne ta ƙirƙiro wannan. Tun daga ranar dai Jar Akuya ba ta sake mutuwa da mara lafiya a ciki ba, kuma ka san yawan matan da ta kai Buza.

Jiya bayan azahar na ce ba zan ba ka takardar nan ba sai ita ta fara ji. Tana zaune tana ɓarar wake, na zauna nesa kaɗan na karanta mata. Da na kai wurin ƙusa na kasa ɗaga kai. Na gama, na ce ta yafe mini. Ba ta daina ɓara ba.

"Sai yanzu, Malam?"

Ta zuba waken hannunta a ƙwarya ta ci gaba.

"Kwalin nan ƙalƙashin ƙahwata shike tun daga ƙohwar gidanmu hal kwari. Duk sadda ciwo yat taso shi nike takawa. Sabo hul, ko buɗe shi ba a yi ba. Ni ban san mota ba, amma na san abin da anka saya ba a yi aiki da shi ba. Kuma na ga idonka."

Na ce to me ya sa ba ta taɓa faɗa ba, shekara da shekaru tana ji ina ba da labarin mai bido?

"In na hwaɗi mi za shi dawo? Na ga kana ɗauke da abinka, ban ga amfanin in ƙara maka ba. Na yahe tun muna bisa amalanke. Ni dai na ce ba za a koma ba. Kai mi kake tsammani yas sa nike ƙulla igiya?"

Ɗana, na yi kuka a gabanta, ban ji kunya ba. Ta bar ni na yi, sannan ta turo mini ƙwaryar wake ta ce tunda na zauna in taya ta.

To yanzu ta tufka sabuwar igiya, tana cikin kayan matarka. Ka kafa mata ƙusa a bakin ƙofarta. Ranar da ta ce maka igiya ta cika, ko kasuwar wace gari ce, ko lodin wa ke jira, ka tuɓe riga ka shiga ƙarƙashin mota. Kada ka ce mata gobe. Akwai sabon filtir na mai da na gazuwal ƙarƙashin kujera, ba don su zauna a can na sa su ba.

Da na duba igiyar na ga ƙulli ashirin a jikinta tun ba ku tashi ba. Na ce wa innarka ta yi kuskure, ai satin nan na yi bidanji da hannuna. Ta ce ba kuskure, ta lissafa watannin yarinyar ne, tana so igiyar ta cika kafin watan haihuwa ya kama. Saura ƙulli goma ke nan. Kada ka yi gardama, ni ma na daina.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka haƙurin innarka, Ya raba ka da gaggawar ubanka. Allah Ya tsare ka a hawa da gangara, Ya tsare waɗanda za ka ɗauka. Allah Ya sauki matarka lafiya, a kan gado, ƙarƙashin rufi. In an yi suna ka aiko, za mu zo ko a bayan motar kasuwa ne. Ina so in riƙe jikan da ba wanda zai kira shi da sunan kwari.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.